Yadda ake koyon wasan foka daga tushe, da wake maimakon kuɗi

Wanda ya saba da wot, ranar da ya fara zama wasan foka zai ji kamar an ce ya ci tuwo da hagu. A wot burinka ka riga kowa ƙarar da kartarka. A foka ba a zubar da karta ɗaya bayan ɗaya, ba a tura kowa kasuwa. Karta biyu kacal ake ba ka, ko dai ka riƙe su har ƙarshe ko ka jefar da su ka zama ɗan kallo. Ainihin wasan yana cikin tsabar da ke gabanka: yaushe za ka zuba, nawa za ka zuba, yaushe kuma za ka janye hannu.

Bari mu kawar da wata magana tun yanzu. A inda aka haifi wannan wasa, Amurka, da kuɗi ake yin sa, kuma kowa ya san sunan wannan caca, haramcinta yana nan ƙarara a Suratul Ma'ida aya ta 90. Abin da zan koyar a nan shi ne ƙa'idar wasan da lissafinsa, da ƙwayar wake da tsinken ashana, waɗanda in an tashi ake mayar da su cikin gwangwani ba wanda ya ci sisin wani. Ko a hakan ma akwai malaman da ba sa son wasan karta, don haka kowa ya san inda ya tsaya. Abin da ya ja hankalina ga wasan shi ne, yana koya wa mutum yanke shawara alhali bai ga komai duka ba, kuma yana fallasa marar haƙuri cikin minti goma.

Foka iri-iri ce. Ta faro ne a yankin New Orleans a farkon ƙarni na 19, lokacin da karta 20 ake yi, ta bi jiragen ruwan kogin Mississippi ta bazu. Wadda duniya ta fi sani yau ita ce Holdem ta jihar Teksas, wadda majalisar jihar ta amince a 2007 cewa garin Robstown ne mahaifarta. Ita ake bugawa a babban zagayen gasar duniya ta foka da aka fara a Las Vegas a 1970, kuma ita za mu koya.

Mataki na ɗaya: haɗa kaya

Nemi ƙunshin karta na yau da kullum mai 52, ba na wot ba, ka cire joka biyun da ke ciki. Kartar dangi huɗu ce, kowanne 13. Jajaye biyu: mai hoton zuciya da mai kusurwa huɗu da ake ce wa daimon. Baƙaƙe biyu: mai kama da tsinin mashi da mai ganye uku. A nan zan riƙa cewa zuciya, daimon, mashi da ganye. A kowane dangi daraja tana farawa daga 2 ta hau zuwa 10, sai J, sai Q sarauniya, sai K sarki, sai A wanda ya fi kowa. Babu dangin da ya fi wani. Sarkin mashi da sarkin zuciya darajarsu ɗaya.

Sai tsaba. A ba kowa abin da ya kai 200. Ƙirga wake 200 ga mutum shida aiki ne, don haka ku yi kamar kuɗi: ƙwayar wake ɗaya, tsinken ashana biyar, marfin kwalba 25. Kowa ya karɓi wake 25, ashana 15, marfi huɗu. Sannan a sami wani abu, ko makulli ko murfin biro, da za a riƙa ajiyewa gaban mai rabawa. Mutum biyu zuwa goma suna iya bugawa, amma don koyo biyar ko shida ya fi daɗi.

Mataki na biyu: haddace wane hannu ya fi wane

Wannan ba shi da dabara, hadda ce. Hannu a foka kullum karta biyar ne, ba shida ba, ba huɗu ba. Daga mafi ƙarfi zuwa mafi rauni:

Jeren sarauta: 10, J, Q, K, A duk dangi ɗaya.
Jeren dangi: biyar a jere kuma dangi ɗaya, kamar 5, 6, 7, 8, 9 na ganye.
'Yan huɗu: huɗu masu lamba ɗaya, kamar 9 huɗu.
Cikakken gida: uku iri ɗaya da biyu iri ɗaya, kamar Q uku da 4 biyu.
Dangi: biyar daga dangi ɗaya ba a jere ba.
Jere: biyar a jere, dangi a gauraye.
'Yan uku.
Tagwaye biyu: kamar J biyu da 6 biyu.
Tagwaye.
Babbar karta: in ba ka haɗa komai ba, sai a dubi mafi girman abin da kake da shi.

Inda sababbi suka fi rikicewa shi ne tsakanin jere, dangi da cikakken gida. In ka san dalilin tsarin ba za ka manta ba: abin da ya fi wahalar samu shi ya fi daraja. Ana iya haɗa karta biyar daga 52 ta hanyoyi 2,598,960. A cikinsu 10,200 ne jere, 5,108 dangi, 3,744 cikakken gida, 624 'yan huɗu, jeren sarauta kuwa huɗu tak. Tagwaye sun haura miliyan ɗaya, shi ya sa ba su da tsada.

A yana iya zama sama ko ƙasa a jere. 10, J, Q, K, A jere ne mafi girma, A, 2, 3, 4, 5 kuma mafi ƙanƙanta. Amma ba ya zagayowa: Q, K, A, 2, 3 ba komai ba ne, kar wani ya yi maka gardama.

In mutum biyu suka haɗa abu ɗaya, sai a dubi wanda nasa ya fi girma, tagwayen sarki sun doke tagwayen 10. In nan ma sun yi kunnen doki, sai a koma kan ragowar kartar, wadda zan kira ɗan rakiya. Wannan ɗan rakiya shi ne ke cinye tsabar sabon ɗan wasa ba tare da ya gane ba, za mu dawo kansa.

Mataki na uku: zama da zubin dole

A zauna a da'ira. Komai yana tafiya ne ta hagu. A ajiye makullin gaban mutum ɗaya, shi ne mai rabawa a wannan karon, in an gama hannu makullin ya matsa ga na hagunsa.

Kafin a raba karta, mutum biyun da ke hagun mai rabawa dole su zuba tsaba. Na farko ya zuba wake ɗaya, na biyu ya zuba biyu. Turawa suna kiran su da kalmar da ke nufin makaho, don sun zuba ba su ga kartarsu ba, mu ma sai mu ce ƙaramin makaho da babban makaho. Amfaninsu a sami abin da za a yi takara a kai. Ba don su ba, kowa zai naɗe hannu yana jiran A biyu har gari ya waye. Duk abin da aka zuba ana tara shi a tsakiya, shi ne tukunya.

Mai rabawa ya gauraya karta, ya fara daga ƙaramin makaho, ɗaya-ɗaya a kife, zagaye biyu. Kowa ya ɗaga gefen tasa ya leƙa, ba tare da ya ɗauke ta daga kan tabarma ba.

Mataki na huɗu: abin da za ka iya yi in layi ya zo kanka

Abu biyar ne. Ka janye, wato ka tura kartarka a kife ka fita daga wannan hannu, abin da ka riga ka zuba ya tafi. Ka wuce, wato ba ka zuba komai ba amma kana nan, wannan kuwa sai in ba wanda ya zuba kafin kai a zagayen. Ka zuba. Ka bi, wato ka biya daidai abin da wani ya zuba. Ko ka ƙara a kan nasa. Ƙari ba ya gaza girman zubin da ya gabace shi: in wani ya zuba 10, ƙarinka mafi ƙanƙanta shi ne ka kai shi 20.

Zagaye yana ƙarewa ne idan duk waɗanda ba su janye ba sun zuba daidai wa daida. In kowa ya janye ya bar mutum ɗaya, ya kwashe tukunya ba sai ya nuna kartarsa ba. Riƙe wannan da kyau, domin yawancin hannaye a haka suke ƙarewa.

A irin Holdem da aka fi yi babu iyakar zubi, kana iya tura duk abin da ke gabanka. In tsabarka ba ta kai ta abokin karawarka ba, ba a kore ka. Misali kana da 40, mutum biyu suna da 100 kowanne, duk kun tura. Za a ware 40 daga kowa, 120 ke nan, ita ce tukunyar da kake da haƙƙi a kai. Ragowar 120 ta zama tukunyar gefe tsakanin su biyun kaɗai.

Mataki na biyar: yadda hannu ɗaya yake tafiya

Akwai zagayen zubi huɗu. Na farko bayan an raba karta biyu, kuma wanda ke hagun babban makaho ne ke farawa. Daga nan mai rabawa ya ajiye kartar sama gefe a kife, ya buɗe uku a tsakiya. Sunansu fulof, kuma na kowa ne. A yi zagaye na biyu, daga yanzu kuma na hagun mai rabawa ne ke fara magana. A sake ajiye ɗaya gefe a buɗe ta huɗu, a yi zubi. A sake, a buɗe ta biyar, wadda ake kira kogi, a yi zubin ƙarshe. Waɗanda suka rage su buɗe kartarsu. Kowa yana da bakwai ke nan, biyu nasa da biyar na tsakiya, sai ya zaɓi biyar mafi kyau. Yana iya amfani da nasa biyun, ko ɗaya, ko ma babu.

Ga misali daga farko har ƙarshe. Ku shida ne, kai ne mai rabawa, ka leƙa ka ga A da 10 duk na mashi. Na farko ya janye. Na biyu ya ƙara zuwa shida. Na uku ya janye. Ka bi da shida. Ƙaramin makaho ya janye ya bar wakensa ɗaya. Babban makaho ya cika huɗu a kan biyunsa. Tukunya 19.

Fulof ya fito: K na mashi, 8 na mashi, 3 na zuciya. Ba ka da ko tagwaye, amma kana da mashi huɗu, saura ɗaya ka haɗa dangi. Babban makaho ya wuce, mai ƙarin nan ya zuba shida, ka bi, babban makaho ya janye. Tukunya 31. Ta huɗu ta fito 4 na daimon, ba ta taimaki kowa ba. Ya wuce, ka wuce. Kogi ya kawo 2 na mashi. Yanzu kana da A, K, 10, 8, 2 na mashi, kuma in ka duba tsakiya za ka ga babu wani hannu da zai iya doke ka, tunda ba tagwaye a tsakiya balle a haɗa cikakken gida. Ya zuba 15, ka ƙara zuwa 45, ya yi shiru ya bi, ya buɗe K da Q. Tagwayen sarki. Ka kwashe 121.

Kuskurensa a bayyane yake: mashi na uku ya faɗo, mutumin da ya yi ta bi shiru-shiru ya tashi da ƙari, amma ya kasa rabuwa da sarkinsa.

Wani lokaci tsakiya ce ke yin wasan. A ce an buɗe 5, 6, 7, 8, 9 a gauraye, kana da A biyu, abokinka yana da 2 da 3. Raba tukunya za ku yi, domin mafi kyawun biyar ɗinku ɗaya ne, jeren da ke tsakiya. Mai 10 a hannu kuwa ya cinye ku duka.

Mataki na shida: koyi jefar da karta

A nan ne wasan yake, kuma a nan ne mutane ba sa son jin gaskiya. Sabon ɗan wasa yana shiga kusan kowane hannu, wai bari dai ya ga fulof. Wanda ya iya kuwa, a tebur mai cike, yana janyewa sau huɗu cikin biyar tun kafin a buɗe komai. Dalili lissafi ne. In kartarka biyu ba tagwaye ba ne, kusan sau biyu cikin uku fulof ba zai ba ka ko tagwaye ba. Duk waken da ka biya don leƙe, yawanci sadaka ka yi wa tukunya.

Hannayen farawa iri 169 ne in ba a kula da bambancin dangi ba. Ka kasa su uku a ranka.

Na farko waɗanda za ka ƙara da su daga ko'ina: A biyu, K biyu, Q biyu, J biyu, 10 biyu, A da K, A da Q. A biyu sau ɗaya cikin 221 suke zuwa. In sun zo kar ka yi laɓe da su don jawo mutane, ka ƙara. Suna doke K biyu kusan sau 82 cikin 100, amma in ka bar mutum biyar suka shigo da arha, wani zai haɗa tagwaye biyu da tarkacensa ka rasa bakin magana.

Na biyu waɗanda suke son mazauni mai kyau ko farashi mai sauƙi: ƙananan tagwaye daga 2 zuwa 9, A da J, K da Q, A da ƙaramar karta ta danginsa, da maƙwabta 'yan dangi ɗaya irin 8 da 9 na zuciya. Ƙananan tagwaye fatansu ɗaya ne, su zama 'yan uku a fulof, hakan kuma yana faruwa kusan sau 12 cikin 100. In bai faru ba, kuma wani ya zuba, sai ka haƙura.

Na uku sauran duka. K da 5, Q da 7, J da 4 ko da dangi ɗaya ne, kallon kitse ake wa rogo. Mafi muni a wurin 'yan wasa shi ne 7 da 2 mabambantan dangi. Amma wanda ya fi cutarwa shi ne A da ƙaramar karta ta wani dangi, domin shi yana da kwarjini. Duba: kana da A da 9, wani yana da A da K, tsakiya ta nuna A, 7, 4, 2, J. Dukanku kuna da tagwayen A, ka ji daɗi ka yi ta bi har ƙarshe. Da aka buɗe, biyar ɗinsa A, A, K, J, 7, naka A, A, J, 9, 7. Ɗan rakiya ya kashe ka. Da 7 da 2 ne ai tun farko ka jefar.

Za a ba ka labarin Doyle Brunson, wanda ya ci gasar duniya a 1976 da 1977, duka biyun da 10 da 2 a hannun ƙarshe. Gaskiya ne. Amma a lokacin su biyu kaɗai suka rage a tebur, kuma in mutum biyu ne kusan kowace karta tana da daraja. Ba hujja ba ce gare ka a tebur na mutum shida.

In za ka shiga kuma ba wanda ya ƙara kafin kai, shiga da ƙari, ninki biyu da rabi zuwa uku na babban makaho. Bin babban makaho kawai yana nuna rauni, kuma ba ya korar kowa.

Mataki na bakwai: daraja mazauninka

Wanda ke magana a ƙarshe ya ga abin da kowa ya yi kafin ya yanke shawara. Mai rabawa ke da wannan gata a zagaye uku na ƙarshe, shi ya sa kujerarsa ta fi kowace. A misalin ɗazu, da abokin karawarka ya wuce a karta ta huɗu, kai ma ka wuce ka ga kogi kyauta. Da kai ne a gaba, ba ka san ko zai zuba ba. Don haka in kana cikin masu fara magana ka matse, rukuni na farko kawai da kaɗan daga na biyu. In kana kan makulli ko dab da shi ta dama, ka saki jiki.

Mataki na takwas: ƙirga mafita, ka auna farashi

Mafita ita ce duk kartar da in ta fito za ta mayar da kai mai nasara. Koma ga A da 10 na mashi. Mashi 13 ne, ka ga huɗu, saura tara. Kartar da ba ka gani ba bayan fulof 47 ce. Tara cikin 47, wajen kashi 19 cikin 100 ke nan a karta mai zuwa. Kar ka ce ai wasu suna hannun mutane. Tunda ba ka gan su ba, duk ɗaya suke a lissafi.

Akwai gajeriyar hanya. Ninka mafitarka sau biyu, ka sami kimanin damarka a karta ɗaya. Ninka sau huɗu, ka sami damarka a karta biyu. Mafita tara ta ba ka 18 da 36, ainihin lissafin kuwa 19 da 35, ka ga ba nisa. In kana da huɗu a jere da za a iya cikawa ta kowane gefe, kamar 6, 7, 8, 9, mafitarka takwas ce, 5 huɗu da 10 huɗu. In rami ne a tsakiya, kamar 6, 7, 9, 10, huɗu ce kacal, kuma bin wannan ramin ya talauta mutane da yawa. Ninki huɗun nan fa sai in ba za ka sake biyan komai ba, wato an riga an tura duka. In akwai wani zubin a gaba, karta ɗaya ka saya, da ninki biyu za ka yi aiki.

Yanzu farashi. Ka raba abin da za ka biya da jimillar tukunya bayan ka biya. A misalinmu tukunya 19, ya zuba shida, kai ma shida, jimilla 31. Shida cikin 31 kashi 19 ne. Damarka 19, farashi 19, kunnen doki. Abin da ya rinjayar da shi zuwa bi shi ne, A ukun da suka rage ma suna iya taimakonka, kuma in dangin ya haɗu akwai ƙarin tsabar da za ka tatsa a gaba, kamar yadda ya faru. Da ya zuba 19, daidai girman tukunya ke nan, sai ka biya 19 cikin 57, kashi 33. Nan ya yi tsada, janyewa ce daidai, ko da mashin zai faɗo bayan ka fita. Zai faɗo ma wani lokaci, ka ji zafi. Wannan bai mayar da shawararka kuskure ba.

Juya lissafin kuma ka ga amfaninsa ta ɗaya gefen. In kai ne mai tagwayen sarki kuma ka ga mashi biyu a tsakiya, kar ka zuba ɗan kaɗan. Zuba rabin tukunya zuwa kashi biyu cikin uku, don mai jiran mashi ya saya da tsada.

Mataki na tara: burga

Burga ita ce ka zuba kamar kana da hannu mai ƙarfi alhali ba ka da shi, don abokin karawarka ya janye. Ita ce abin da kowa yake zaton shi ne foka. A 2003 wani akanta daga jihar Tennessee, Chris Moneymaker, wanda ya sami kujerarsa ta wata ƙaramar gasa a intanet, ya ci gasar duniya cikin mutum 839, ya tafi da dala miliyan 2.5. Abin da aka fi tunawa shi ne lokacin da ya tura duk tsabarsa a kan ƙwararren ɗan wasa Sam Farha alhali ba shi da komai sai babbar karta sarki, Farha kuma ya jefar da tagwayensa. Kyamarar da ke nuna kartar 'yan wasa ta sa duniya ta ga abin, kuma zuwa 2006 masu shiga gasar sun kai 8,773. Na tabbata da yawansu burgar suka kwaso, suka bar sa'o'in da mutumin ya yi yana janyewa.

Burga tana aiki ne a kan wanda ya iya janyewa. Abokanka masu koyo ba su iya ba, za su bi ka da tagwayen 3 don kawai su ga abin da kake riƙe. A irin wannan tebur ribarka tana cikin zuba da yawa in kana da hannu mai kyau. In za ka gwada burga, ka gwada a kan mutum ɗaya, ba uku ba, kana bayansa a mazauni, kuma labarinka ya yi ma'ana. In ka ƙara tun farko, fulof ya fito da A, ka sake zubawa, an yarda kana da A. In ka yi ta wucewa sannan kwatsam ka tura duka a kogin da bai canza komai ba, ramin ƙarya ƙurarre ne. Mafi kyawun burga ita ce wadda take da ƙofar baya, kamar ka zuba da mashi huɗun nan: ko ya janye ka ci yanzu, ko ya bi ka haɗa dangi.

Batun karanta fuska kuma an cika zuzuta shi. Kula da tsaba ya fi kula da ido. Wane ne ke shiga kowane hannu? Wane ne bai motsa ba tun ɗazu? In irin wannan mai shirun ya tashi da babban ƙari, ba shi hanya. Lokacin da ka janye shi ne lokacin wannan nazari, ba na danna waya ba.

Mataki na goma: ladabin tebur da riƙe zuciya

Kar ka yi magana ko ka jefar da karta kafin layi ya zo kanka. Faɗi abin da za ka yi da baki kafin ka taɓa tsaba, kuma abin da ka faɗa ya zauna. Ba a cewa na bi, sannan a ga fuskar mutum a ce na ƙara. Tura tsabarka gabanka a tsare, kar ka watsa ta cikin tukunya a kasa ƙirgawa. In ka janye kar ka faɗi abin da ka jefar, kar ka yi tsaki don fulof ya zo da shi, domin ka ba sauran labari ke nan. In kuma ka san kai ne da nasara, buɗe nan take, jan rai wulaƙanci ne.

Sai zafin kai. Za a doke A biyunka da tarkace, tunda kashi 82 ba 100 ba ne. Akwai wani abokina da in haka ta same shi sai ya shiga hannu biyar a jere yana ƙari da ƙarfi wai zai rama, kuma a cikin biyar ɗin nan yake rasa abin da ya tara tun magariba. In ka ji kunnenka ya ɗau zafi, tashi ka sha ruwa, ka bar hannu biyu su wuce. In kuwa wata rana wani ya ce a ɗan sa naira ɗari don wasan ya yi armashi, ko wata manhaja ta fara tallata maka sayen tsaba da kuɗin gaske, nan ne za a tashi, don an bar abin da muka zauna yi.

Yadda za ka yi atisaye

Kwana biyun farko kai kaɗai. Raba wa kujeru huɗu karta biyu-biyu a buɗe, ka buɗe biyar a tsakiya, ka faɗi wanda ya ci da biyar ɗin da ya ci da su. Yi sau 30 a zama. Idan ka kai ga ganewa cikin daƙiƙa biyar, sai ka ƙara wata tambaya: da wannan tsakiyar, wane hannu ne mafi ƙarfi da wani zai iya riƙewa? In tsakiya ba ta da uku 'yan dangi ɗaya, ba mai dangi. In ba ta da tagwaye, ba cikakken gida ba 'yan huɗu.

Kwana na uku da na huɗu, tsaya a fulof ka ƙirga mafitar kowace kujera, ka ninka, ka ƙirƙiri zubi ka auna farashi da baki.

Daga nan tara abokai. A zaman farko ku yi hannu goma kowa kartarsa a buɗe, kuna tattauna me ya kamata kowa ya yi, sannan ku kife. Ajiye 'yar takarda kusa da kai, duk hannun da aka raba ka ja layi, wanda ka shiga ka yi masa da'ira. Bayan hannu 50 ka ƙirga. In da'irorin sun haura 15 a tebur na mutum shida, koma mataki na shida ka sake duba rukuni na uku, za ka tarar da K da 5 ɗinka a can.